Keken Baba Ba Kaya

Yayana ba ya yarda da ido, sai sikeli. A kamfanin jigilar kaya yake aiki, shi ke tsara abin da za a loda wa kowace mota da gefen da za a ɗora shi, kuma aikin nan ya bi shi gida, ya bi shi har cikin daji. Da muka shirya tafiyar keke ni da shi da mahaifinmu, abin da ya fara jefawa a jaka shi ne ɗan sikelin ratayawa mai ƙugiya. Kullum da safe, kafin kowa ya hau sirdi, sai ya shimfiɗa leda ya baje kayanmu, ya kasa su kashi biyu, ya rataya kowace jaka yana ƙanƙance ido. Kashi biyu na ce, nawa da nasa. Keken Baba ba a ɗora masa komai.

Baba yana da asma. Bara ta kwantar da shi a asibiti har muka fara kallon juna, kuma tun da aka sallame shi Yaya ya ɗaura ɗamarar hutar da shi ko yana so ko ba ya so. Ya karɓi mukullin kanti ya ɗora wani a kai. Ya karɓi mukullin mota. Ko buta Baba ya ɗauka sai ka ga an yi wuf an amshe. Abin da ya rage masa keke ne kawai, shi ma don likita ya ce motsa jiki zai yi masa amfani, muddin maganin shaƙarsa yana kusa da hannunsa. Dajin nan kuwa tun muna yara muke jin labarinsa, yadda Baba da abokansa suka ratsa shi a kan kekuna lokacin samartaka. Sai da ya yi wata da watanni yana naci kafin Mama ta yarda, kuma ba ta yarda ba sai da ta tsayar da mu biyun a ƙofar kicin ta ce yadda muka fita da shi haka za mu dawo mata da shi.

Kwanakin farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Hanyar ƙasa ce mai inuwa, ta ratsa itatuwa ta ɓulla wani ƙauye, ta sake nutsewa. Mata a bakin rijiya suna kallon hulunan kwanonmu suna dariya a bayan hannu. Baba ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba, har tumaki yana buga wa ƙararrawa. Na daɗe ban ga haƙoransa a waje haka ba.

Abu ɗaya tak ya rage a jikin kekensa, wata 'yar jaka da ke rataye a gaba, tsakanin hannuwa biyu. A ciki yake ajiye hankici da tocila da maganin shaƙa. Ran da abin ya faru, jakar ta kwana a jiƙe, domin jiya da yamma mun tsallaka wani rafi Baba ya ɗan tuntsura. Yaya ya kwance ta ya shanya, da safe ya ɗaga ta a sikeli ya ce jiƙaƙƙen yadi nauyi gare shi, ga shi yau akwai hawa, sai ya cusa ta a cikin tasa. Baba ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya fasa. Ya saba fasawa.

Ina nan tsugune ina sa wa sarƙa mai, na gani da idona, ban kawo komai a raina ba. Ni na ɗauka Baba ya cire maganin ya sa a aljihu. Yaya ma haka ya ɗauka. Baba kuma ya ɗauka Yaya ya cire ya ba ni, tunda ni ke tafiya tare da shi. Ɗaya maganin na ajiya kuwa yana cikin akwatin magunguna, akwatin yana da nauyi, don haka tun ranar farko sikeli ya kai shi jakar Yaya.

Tsarinmu shi ne in hantsi ya ɗaga, Yaya ya taka ya yi gaba, ya nemo mana wurin kwana da ruwa a ƙauye na gaba, ni da Baba mu biyo a hankali. Ni tela ne, na zo da tarin jajayen ƙyallaye daga shago, duk inda hanya ta rabu Yaya zai ɗaura ɗaya a reshe ta ɓangaren da ya bi. Ya duba tayoyinmu, ya ja wa Baba kunne kada ya yi gaggawa a hawa, kamar shi ne uban, ya wuce. Muka ga bayansa yana ƙanƙancewa har itatuwa suka rufe shi.

Rana ta kusa tsaka muka fara jin ƙauri. Da farko kaɗan ne, irin na murhun da aka kashe da ruwa. Muna gangarawa wani kwari sai ga hayaki kwance a kan hanya, fari, mai kauri, ba ya tashi sama. Masu gawayi ne suka tara itace suka lulluɓe da ƙasa suka cinna wuta, tsibi-tsibi a gefen hanya, kowanne yana huci ta ƙofofi. Na ce wa Baba mu juya mu jira iska ta kwashe shi. Ya ce ɗan guntu ne, mu taka da sauri mu fita. Na ɗaura masa ƙyalle a hanci muka shiga.

Ba ɗan guntu ba ne. Idona yana ruwa, maƙogwarona yana ƙaiƙayi, ina jin tarin Baba a bayana. Can sai na daina jin ƙarar tayarsa. Na waiwaya na gan shi ya sauke ƙafa ɗaya, ya kama hannuwan keke ya sunkuya, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Da na matso na ji wannan sautin da na sani tun asibiti, siririn fito daga ƙirji. Ya kai hannu gaban keke inda 'yar jakar take zama, ya shafa ƙarfe. Sai ya miƙo min tafin hannu.

"Ba ni maganin."

"Ba ya aljihunka?"

Ya dube ni kawai, ni ma na dube shi.

Na san babu, amma sai da na zazzage jakunkunana duka a tsakiyar hanya. Famfon taya, tukunya, risho, sandunan tanti, gwangwanayen kifi, igiya, tulin jajayen ƙyallaye. Na laluba aljihunsa ɗaya bayan ɗaya, na sake lalubawa. Na ciro waya, babu sabis ko ɗigo, kamar yadda babu tun jiya. Na yi ta ƙwala kira ko masu gawayin suna kusa. Sun cinna wutarsu sun tafi abinsu, sai sun dawo kwasa.

Na rataya hannunsa a wuyana muka koma baya, yana taku uku yana tsayawa, har muka hau inda hayakin bai kai ba. Na zaunar da shi a gindin wata babbar bishiya, na sa ya jingina gaba kaɗan kamar yadda nas ta koya mana, na kwance masa maɓallin wuya. Na koma da gudu na turo kekunan. Na ba shi ruwa, ya kasa haɗiya. Na zauna ina fata in ji fiton yana raguwa tunda mun fita daga hayakin. Bai ragu ba, sai ma jijiyoyin wuyansa da suka fara tashi.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. In na zauna, ba abin da zan yi masa sai kallo. In na tafi, na bar tsoho shi kaɗai a daji yana kokawa da numfashi, kuma ban san nisan da Yaya ya yi ba. Na tsaya ina juyi tsakanin shi da keke kamar kazar da aka kwashe wa 'ya'ya. Shi ne ya yanke. Ya ɗaga yatsa ya nuna kekensa.

"Hau nawa," ya ce, kalma ɗaya, numfashi ɗaya. "Ba kaya."

Har wani ɗan murmushi ya yi ƙoƙarin yi. Na ji kamar in fashe da kuka, na kuma ji kamar in shaƙe Yaya. Na ajiye masa gorar ruwa a gefe, na ce yanzun nan zan dawo, kada ya kwanta, kada ya motsa. Ya gyaɗa kai. Na cika ƙirjina da iska na faɗa cikin hayakin.

Keken da ba kaya gudu yake kamar ba ya taɓa ƙasa. Kwana da kwanaki ina jan jakunkuna masu nauyin buhu, yanzu ina taka feda sai in ji ya fizge ni. Na fita daga kwarin, na haye tudu a tsaye, na sauka ɗaya gefen ban taɓa birki ba. Saiwoyi suna jijjiga ni har haƙorana suna haɗuwa. Inda hanya ta rabu na hango jan ƙyalle a dama, na karya ban rage gudu ba. A raina ina ta tsara abin da zan gaya wa Yaya. Na tsara masa zagi tun daga sikelinsa har zuwa mukullan da ya tara a aljihu, na gyara, na ƙara, domin muddin ina zaginsa ba na tunanin fiton nan.

Da na hango rufin gidaje zuciyata ta yi sanyi, amma da na shiga sai na ga 'yan gidaje ne da ba su taka kara sun karya ba. Babu kanti, babu keken Yaya. Wata mata tana jan ruwa a rijiya, na tsaya a gabanta ina haki, ko sallamar kirki ban yi ba. Ta ce ta ga mai irin hulata, ya tambayi inda ake sayar da burodi, ta ce masa sai babban ƙauye na gaba, ya sha ruwa ya wuce. Na tambayi ko akwai mai sayar da magani, ta ce a'a. Babur fa? Akwai ɗaya, mai shi ya tafi da shi kasuwa tun asuba. Maza duk suna gona.

Na gaya mata mahaifina yana can bayan wurin gawayi, a gindin babbar bishiya, numfashinsa yana sarƙewa. Ta saki guga a cikin rijiyar ta ce za ta je gona ta kira mijinta da ƙaninsa, amma gonar da 'yar tazara. Na ce ta yi wa Allah ta je. Kafin in juya keke har ta kama hanya tana gyara ɗaurin zani.

Daga nan hanyar ta lalace. Yashi, duwatsu, ga ƙaya ta ko'ina. Ina cikin gudu na ji bayan keken ya fara rawa, sai kuma ƙarfe ya fara dukan dutse. Na sauka na duba, tayar baya ta kwanta, ƙaya mai tsinin allura a tsaye a jikinta. Na kai hannu baya don in ciro famfo, hannuna ya faɗa kan kariyar ɗora kaya da ba komai. Famfo yana can a zube a kan hanya tare da tukunya. Ko da na zo da shi ma ba zai yi min rana ba, domin faci da gam suna jakar Yaya. Haka sikeli ya raba su, famfo nauyi, faci ba nauyi, kowa ya samu daidai.

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi ni kaɗai a daji, irin wadda ba ta da daɗin ji, sannan na sake hawa na ci gaba da takawa a kan tayar da ba iska. Kowane dutse sai na ji shi a ƙashin bayana. Ban yi nisa ba tayar ta zame daga ƙarfen ta naɗe a jikin birki, keken ya tsaya cak, na wuntsila ta kansa na daki ƙasa da kafaɗa. Na tashi, gwiwata tana jini. Na jawo keken gefe na jingina shi a wata bishiya, na ce masa ya yi haƙuri, na kama gudu da ƙafa.

Ni ba mai gudu ba ne. Mutumin da ya shekara goma sha yana zaune a bayan keken ɗinki, ƙafarsa ta san feda, ba ta san ƙasa ba. Ba a jima ba ƙirjina ya ɗauki zafi, iska ta ƙi isa ta. Ina jan ta da baki buɗe tana tsayawa a wuya, sai na tuna haka Baba yake ji tun ɗazu, shi kuma ba zai iya tsayawa ya huta ta dawo ba. Wannan tunanin ne ya hana ni tsayawa. In gudu ya gagara in yi sassarfa, in na ɗan farfaɗo in sake zabura. Na wuce wani jan ƙyalle, na wuce gonaki, na fara jin ƙarar injin niƙa.

Akwai wani kanti a bakin babban ƙauyen, mai rumfar kwano. Ga keken Yaya a jingine da jakunkunansa a ɗaure tsaf. Ga shi kansa a kan benci, ya cire takalmi yana shan iska, suna hira da mai kantin. Ya jera lemo uku a gefensa, ɗaya ya naɗe shi da jiƙaƙƙen tawul don kada sanyinsa ya tafi kafin Baba ya iso. Da ya gan ni ba keke, ba hula, jini a ƙafa, sai ya miƙe a hankali.

"Ina Baba?"

"Maganinsa," na ce. Iyakar abin da ya fito ke nan.

"Yana aljihunsa."

Na girgiza kai. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Fuskarsa ta zube, ya dubi jakarsa kamar an ce masa akwai maciji a ciki. Duk zagin da na sha wahalar tsarawa a hanya ya bi iska, ko ɗaya ban iya furtawa ba. Tausayinsa ne ma ya kama ni, abin ya ƙara ba ni haushi.

Mutumin da ba ya yarda a buɗe jaka sai ta zif ɗin da ya dace, shi ne ya fizgo ta ya kife a ƙasa. Kaya suka watse har ƙarƙashin benci. Ya damƙo 'yar jakar Baba, har yanzu da danshi, ya zazzage, maganin ya gangaro. Ya fasa akwatin magunguna ya ɗauko na ajiyar ma. Ni kuma ina yi wa mai kanti bayani a gutsure. Dattijo ne mai tumbi, bai tsaya jin ƙarshe ba, ya zagaya baya ya turo wani tsohon babur. Kantin ma bai rufe ba, ya dai ɗaga murya ya gaya wa matarsa ta leƙo.

Babur ɗin ya ƙi tashi. Ya buga, ya buga, sai tari yake yana mutuwa. Yaya yana tsaye ba takalmi, ya ƙanƙame magungunan biyu a ƙirji, bakinsa yana motsi. Mai kanti ya karkata babur ɗin gefe don man ya gangaro, ya ce mu tura. Muka tura shi har bakin gangara, ya yi gurnani ya kama. Muka ɗare mu uku, Yaya a tsakiya, ni a kan kariya.

Komawar ta fi zuwan tsawo, ko da yake a kan inji muke. A yashi sai mun sauka mun tura. Mun wuce keken Baba a inda na jingina shi da tayarsa a naɗe, Yaya ya bi shi da kallo. A ƙaramin ƙauyen babu kowa a bakin rijiya. Gaba kaɗan muka cim ma maza biyu suna sauri da baro, matar nan tana biye da su. Mai kanti ya yi musu hon suka ba mu hanya, na ɗaga musu hannu. Yaya ya juyo da kai ya tambaye ni ko Baba yana iya magana lokacin da na bar shi. Na ce yana iyawa. Ya sake tambaya bayan ɗan lokaci, na sake ba shi amsa ɗaya. Ban gaya masa kalma nawa ba ne.

Da muka iso kwarin na ga abin da nake tsoro. Iska ta juya. Hayakin da na bari a ƙasa ya haura tudun, yana ratsa itatuwa daidai inda na zaunar da shi. Mai kanti ya rufe hanci da gwiwar hannu ya kutsa. Muka wuce tukunya da risho a zube, muka hau. Ga bishiyar, ga kekena. Inda na bar Baba babu kowa, sai gorar ruwa a kwance.

Yaya ya diro tun babur bai tsaya ba. Ni na fara ganin ƙafafun Baba ta bayan bishiyar. Ya ja jiki ya zagaya ɗaya gefen, ya kwanta a kan haƙarƙarinsa na dama, ya tattara jikinsa. Idonsa a rufe, leɓensa ya yi duhu. Fiton da na bari ya tafi, kuma na san daga asibiti cewa shirun ya fi fiton muni. Na durƙusa na sa kunne. Akwai numfashi, ɗan siriri, sama-sama.

Muka ɗaga shi zaune, mai kanti ya tallafe shi ta baya. Yaya ya girgiza maganin ya sa masa a baki ya danna, amma Baba ba shi da ƙarfin ja, maganin ya fito ta gefen baki ya bi iska. Ya sake dannawa, haka. Yaya ya fara kiran sunan Allah da wata murya da ban san shi da ita ba.

Sai na tuna abin da nas ta nuna mana da gorar roba, ranar da aka rasa bututun da ake haɗawa da maganin. Na rarumo gorar ruwan na zubar, na ce wa Yaya ya huda gindinta daidai bakin maganin. Ya ciro wuƙa, garin sauri har ya yanke yatsa, bai ma sani ba. Muka cusa maganin a hudar, na toshe gefen da ƙyalle, na sa wa Baba bakin gorar tsakanin leɓɓansa na riƙe. Yaya ya danna. Maganin ya taru a cikin gorar kamar hazo, muka zuba masa ido. Hazon ya ragu kaɗan. Ya sake raguwa.

Haka muka yi ta yi, a danna, a jira, a danna. Can sai fiton ya dawo, kuma ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Bayansa tari ya zo, mai ƙarfi, har Baba ya dafa ƙasa da hannunsa. Muka ɗauke shi cak mu uku muka yi nisa da hayakin, muka ci gaba. A hankali kafaɗunsa suka sauka, duhun leɓen ya fara washewa. Ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi Yaya, ya dubi baƙon da ke riƙe da shi, ya ɗaga masa hannu alamar gaisuwa.

Masu baro suka iso suna haki. Mai kanti ya ce akwai ƙaramin asibiti a bakin kwalta, a kai shi yanzu kada abin ya dawo, shi zai tuƙa, Baba a tsakiya, ɗayanmu ya riƙe shi ta baya. Mutanen suka ce za su taya ni kwashe kaya da kekuna zuwa ƙauye. Na koma gindin bishiyar don in ɗauko takalman Baba, domin na lura ƙafarsa ba komai.

Suna nan a jere, kai da kai, a gefen kekena. A kan kariya kuma ga hular kwanonsa a ɗage kamar tasa. A ciki ya ajiye agogonsa, da tabarau a naɗe, da zoben azurfarsa, da waya, kowanne a gefensa, yadda mai zuwa ba zai sha wahalar nema ba. Na daɗe a tsaye ina kallonsu. Mutumin da ba ya iya haɗiyar ruwa ya tashi ya yi wannan duka, sannan ya zagaya bayan bishiya ya kwanta inda ba za mu fara cin karo da fuskarsa ba.

Na kawo hular na ajiye a gabansa. Yaya ya leƙa ciki, ya gane, ya juya mana baya. Baba ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama yana abin kunya. Ya ɗauki tabarau ya sa, ya zura zoben, ya jefa wayar a aljihu. Sannan ya ɗora agogon a wuyan hannunsa, ya kama maɗaurin fatar yana neman ya zura shi. Yatsunsa suna rawa saboda maganin, maɗaurin yana kuɓucewa. Agogon ya faɗo a cinyarsa, ya ɗauka ya sake ɗorawa.

Yaya ya juyo, idonsa jajur, ya durƙusa ya miƙa hannu zai ɗaura masa. Baba ya janye hannunsa.

"Ɗazu ni na cire shi," ya ce, yana hutawa tsakanin kalmomin. "Ka bar ni in mayar da abina."

Hannun Yaya ya tsaya a iska, jinin yatsarsa yana ɗiga a kan wandonsa. Ya mayar da shi a hankali, ya haɗa hannuwan biyu a bayansa ya riƙe ɗaya da ɗaya, hawaye suna zuba ba ya sharewa. Mai kanti, wanda ya riga ya tayar da babur da ƙyar, ya dube su, ya miƙa hannu ya kashe injin. Muka tsaya mu duka muna jira har maɗaurin ya shiga.